Kwas ɗin kwana biyar ya isa mutum ya fara yi wa majinyata jarfa?

Mai Lalle:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, musamman wajen ma'aikatan lafiyarmu na gida da na waje. Sana'ata lalle da kwalliyar amare, kuma na ɗan jima ina gyaran gira da allura, irin wanda yake daɗewa kafin ya koɗe. To sai na ga tallar wani kwas a Instagram, kwana biyar, wai jarfar asibiti: ɓoye tabon ƙuna da na tiyata, mayar wa masu bitiligo (cutar da take sa fata ta yi fari-fari) launin fatarsu, da zana kan mama ga matan da aka yi wa aikin sankara. Sun ce in an gama za a ba mutum satifiket na ƙasa da ƙasa. Kuɗin ba kaɗan ba ne, sai na sayar da 'yan kunnena. Wannan takardar ta isa in fara karɓar mutane? In ba ta isa ba, wacce ake nema?

Uwar Zaure:
Wa alaikumus salam. Tambaya mai kyau. Don Allah a amsa mata da ilimi, kuma kada a kawo mana sunan makarantar ko hoton tallar nan.

Sista Lids:
'Yar uwa, riƙe 'yan kunnenki tukuna. Babu wata takarda ɗaya da duk ƙasashen duniya suka yarda da ita a wannan aikin. Duk wanda ya rubuta "na ƙasa da ƙasa" a kan satifiket, shi ya ga dama ya rubuta.

Takardu iri uku ake cakuɗawa. Akwai wadda mai koyarwa yake bayarwa, shaidar cewa kin zauna a ajinsa. Akwai ta ƙungiyar masu sana'a, bayan kin ci jarrabawarsu. Sai ta hukuma, wato rajista ko lasisi, wadda in ba ki da ita za a iya rufe miki shago. Abin da ake tallata miki ta farkon ce.

A nan Ingila ƙaramar hukuma ce take yi wa mutum da shagonsa rajista, a ƙarƙashin wata doka ta 1982 da aka faɗaɗa a 2003 ta haɗa da irin wannan kwalliyar. Jami'in duba-gari zai zo ya ga wurin wanke hannu, ya ga daɓen ƙasa ko yana goguwa, ya ga kwandon zubar da allura. Ba zai ce ki zana masa komai ya gani ba. Wels ta fi mu tsanani: tun 29 ga Nuwamba 2024 sai da lasisi na shekara uku, kuma sai kin ci jarrabawar hana yaɗuwar cuta kafin a ba ki.

Mai Lalle:
Na gode Anti. To a asibitinku wa yake yi wa matan?

Sista Lids:
Yawanci nas-nas na sashen mama. Likitan da ya yi tiyatar ne yake turo mace, bayan 'yan watanni, in ya ga wurin ya warke sarai. Nas ɗin takan je kwas, ta dawo ta yi ta yi a gaban wadda ta riga ta, har sai an sa mata hannu cewa za ta iya ita kaɗai.

Ɗan Kwari:
Sista, kwas ɗin nasu kwana nawa ne?

Sista Lids:
Gajere ne. Wani ma bai kai mako ba.

Ɗan Kwari:
Alhamdu lillahi, da bakinki. Ke nan in nas ta yi kwana uku ya isa, in Mai Lalle ta yi biyar bai isa ba? Baiwar Allah nan kullum hannunta a kan fuskar mutane, ta san launi, ta san daidaita dama da hagu. Nas ɗin da ba ta taɓa zana ko da'ira ba ita ce gwana don tana da farar riga? Ni fa a ganina duk wannan maganar takardu katanga ce kawai, masu digiri sun kewaye abinci.

Sista Lids:
Alhaji, kwana ukun a kan me aka ɗora su? A kan shekaru uku na karatun jinya da shekarun da ta yi tana wanke ciwon mata bayan tiyata. Kuma ga fayil ɗin matar a gabanta, ga likita a ofis na gaba.

Hajiyar Tulsa:
Ɗan Kwari bai yi ƙarya duka ba, bari in ba shi rabin gaskiyarsa. A Amurka an daɗe ana wannan gardamar. Akwai wani mai zanen jiki a jihar Meriland, Vinnie Myers, ba likita ba ne ba nas ba ne, amma mata daga jihohi masu nisa suke zuwa wurinsa, saboda yana zana kan mama da inuwa har ki rantse a tsaye yake alhali fata ce a shafe. Ƙorafin da ake yi a kan na asibiti shi ne wani lokaci sai ki ga da'ira ce kawai mai launi ɗaya, ta koɗe da wuri. Iya zane abu ne na daban, lasisin jinya ba ya ba da shi.

Amma batun doka, kowace jiha da nata. A nan Oklahoma ware shi aka yi daga sauran zanen jiki, aka yi masa dokarsa. A ofishin likita ake yinsa. Ko dai likitan da kansa, ko nas mai rajista, ko wanda ma'aikatar lafiya ta jiha ta ba takarda bayan horo da jarrabawa, kuma waɗannan biyun a ƙarƙashin kulawar likita suke. Ki tuna mu ne jiha ta ƙarshe da ta halatta zanen jiki, sai 2006. Oregon kuma awa 360 suke nema, 210 a aji, 150 a aikin hannu, da aiki 50 da kika kammala a jikin mutane. Kalifoniya ba ta neman waɗannan awannin, abin da take nema shi ne: rajista kowace shekara, horo kan cututtukan da ake ɗauka ta jini, da shaidar rigakafin ciwon hanta nau'in B ko takardar cewa kin ƙi yi.

Akwai kuma ta ƙungiya, takardar da ake kira CPCP, wadda SPCP, ƙungiyar masu irin wannan kwalliyar, take bayarwa. Tana da daraja wajen masu sana'a, amma ba lasisi ba ce. Kina da ita jiha za ta iya hana ki aiki.

Ɗan Kwari:
Kin ga ni? Ƙasa ɗaya, wani ya ce awa 360, wani ya ce wanke hannu kawai. Su ma ba su san abin da suke so ba.

Bamaradiya:
Ina kwananku. A Faransa inda nike zaune awa 21 ne, cikin kwana uku, tun dokar 2008, kuma duka kan tsabta ne. Sannan ki kai sunanki ga hukumar lafiya ta yankinku. Koriya ta Kudu kuwa kotun ƙoli ta yanke a 1992 cewa zanen jiki aikin lokotoro ne, wato likita, aka yi shekaru sama da 30 masu yi suna ɓoyo, sai a 2025 majalisa ta yi musu dokar lasisi. Abin da ni lura da shi, hukuma kusan ko'ina jini take tsoro. Kyan aiki ba ruwanta.

Likitan Fata:
Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki. Hajiya Mai Lalle, ban raina hannunki ba, wataƙila kin fi ni iya zane sau goma. Amma girar amarya lafiyayyar fata ce. Duk wanda zai zo neman jarfar asibiti fatarsa ta riga ta ga wahala, kuma rabin aikin shi ne sanin wanda za ki ce wa a'a.

Ɗauki tabo. Fatarmu ta baƙaƙe ta fi ta Turawa saurin yin tabo mai tsiro, keloyid, irin wanda kuke gani a kunnen wasu bayan huji, ko a ƙirji. Mai irin wannan jikin in kika bi tabonta da allura kina iya tayar da abin da ya fi na farko girma, kuma maganinsa wahala ne: allurai, tiyata, ya sake dawowa. Tabon da bai shekara ba ma ba a taɓa shi, don bai gama sauya launi ba. Tsohon tabon ƙuna kuwa, in kika ga wani gefe yana ɓarewa yana ƙin warkewa, wannan asibiti za ki tura, domin akwai sankarar fata da take fitowa cikin tsohuwar ƙuna bayan shekaru masu yawa. In kika rufe wurin da launi kin ɓoye mana abin da muke dubawa.

Bitiligo ya fi ban tsoro. Cutar tana da hali: inda aka ji wa fata rauni, nan sabon fari yake iya ɓullowa. Allurarki rauni ce. In cutar ba ta tsaya ba, kin rufe tabo ɗaya kin haifar da wani a gefensa. Ko ta tsaya, tawada ba ta bin rana. Fatar mutum tana duhu da zafi, ta washe da sanyi, launin da kika sa yana nan inda kika bar shi, ko ya juya ya yi toka-toka.

Wadda aka gasa wa ƙirji da na'ura bayan tiyata, fatar wurin ta yi siriri, jini ba ya gudu sosai, ba ta warkewa da wuri. Sau da yawa ba ta jin zafi a wurin, don haka ba za ta ce miki kin nutsa da yawa ba. In akwai robar da aka sa a ciki don sake gina maman kuma ƙwayar cuta ta shiga, ana iya kaiwa ga cire ta gaba ɗaya.

Sai wani abu namu na gida da ba za ki ji shi a bakin mai koyarwa daga waje ba: man bilicin. Mace ta shekara tana shafa mai mai sitiroyid, fatarta ta zama kamar takardar sigari, jijiyoyi a waje. Wane launi za ki daidaita da shi, na yau ko na bayan ta daina shafawa?

Mai Lalle:
Innalillahi. Likita, wallahi ko a gira na ga wannan na bilicin ɗin. Da an taɓa sai jini, launin kuma ba ya zama.

Likitan Fata:
To kin gani da idonki. Ki tambaye su hotunan aikinsu a baƙar fata, bayan ya warke da wata shida ko shekara. Hoton ranar da aka gama kowa nasa mai kyau ne.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, ni aka yi wa. An cire min mama ɗaya, aka sake gina shi a ƙasar waje, daga baya aka yi zanen. Abin da ya kwantar min da hankali ba takardun bango ba ne, ban ma karanta su ba. Matar ta ƙi taɓa ni sai da ta ga wasiƙar likitana. Ta tambaye ni ko ina shan maganin tsinka jini, ko ina da ciwon suga, yaushe aka gama gashi. Ta haɗa launi kala uku a ɗan ƙoƙo, ta ɗiga a gefen ɗaya maman, muka je bakin taga muka duba a hasken rana, ta goge ta sake. Ta buɗe allura a gabana, ta nuna min kwanan watan da ke jikin ledar. Da aka gama ta rubuta lambar kwalbar tawadar a fayil ɗina. Na ce na mene ne? Ta ce in an taɓa janye wannan tawadar daga kasuwa, ta san wa za ta kira.

Kuma 'yar uwa ki sani, mu da ake sake gina mana ba mu da yawa a gida. Mafi yawan matanmu ana cirewa ne a ɗinke, shi ke nan, wasu ma ba sa zuwa asibiti sai abu ya yi nisa. Waɗanda za su cika miki shago masu ƙunar ruwan zafi ne da na gas, da masu tabon tiyatar haihuwa, da masu son ɓoye tsagar fuska.

Uwar Zaure:
Allah ya ƙara lafiya Maman 'Yan Biyu, ya sa kaffara ne. Mun gode da kika buɗe mana wannan.

Sista Lids:
Amin. Batun lambar kwalba ba tsirfa ba ce. A ƙarshen 2011 a Rocesta ta jihar Niyok mutum 19 suka kamu da wata ƙwayar cuta 'yar uwar ta tarin fuka a fatarsu. Aka bincika shagon, tsaf yake, mai zanen bai yi laifi ba. Tawadar ce ta zo da cutar tun daga kamfani, a cikin kwalbar da ba a buɗe ba.

Mai Kyamis:
Tunda an zo kan tawada. Hukumar FDA ta Amurka, mai kula da abinci da magunguna, ita da kanta ta ce ba ta amince da wani launi don a cusa shi cikin fata ba, don haka in kin ga kwalba an rubuta FDA ta amince, ki ajiye ta. Tarayyar Turai kuma tun Janairun 2022 ta taƙaita sinadarai sama da 4,000 a tawadar zanen jiki. Launukan da ake kwaikwayon fata da su yawanci akwai farin sinadarin titaniyam da tsatsar ƙarfe a ciki, kuma in aiki ya ɓaci aka je gogewa da na'urar leza, suna iya komawa baƙi nan take. Wato gyaran ma wani aiki ne.

A gida NAFDAC kaya take yi wa rajista, ba ta ba mutum izinin taɓa jikin wani. In kuwa kika ɗaga allo kika kira wurinki kilinik, kin shiga hurumin masu sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, PHIMA a Kano, HEFAMAA a Legas. Sannan man kashe zafi da kuke shafawa, lidoken, magani ne. A gira ɗan kaɗan ne. A faffaɗan tabon ƙuna, a shafa da yawa a naɗe da leda, yana shiga jini ya taɓa zuciya.

Abu Ammar:
Ni mamaki nake yadda aka yi nisa haka ba wanda ya ce haramun ne. Hadisi yana cikin Bukhari da Muslim, an la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa. Wace takarda kuma ake nema?

Almajirin Malam:
Malam Abu Ammar, hadisin ingantacce ne, babu ja. Amma a haɗa shi da 'yan uwansa. A cikin Abu Dawud an ruwaito daga Ibn Abbas irin wannan la'anar tare da ƙaidin "ba don wata cuta ba". Ga kuma Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce shi ya sa na zinare. Daga nan malamai suka bambanta ƙarin ado da mayar da abin da cuta ko haɗari ya ɗauke. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta sake gina mama bayan an cire shi. Shi zanen da tawada akwai masu sassauci saboda lalura, akwai masu hanawa. Mai wannan larura ta kai wa malamin da ta amince da shi bayaninta dalla-dalla. Kada mu yanke wa mara lafiya hukunci a zaure, tana cikinmu tana karantawa.

Abu Ammar:
To gyaran girar amare fa, shi ma lalura ne?

Uwar Zaure:
Wannan a buɗe masa nasa zaren. Nan maganar majinyata muke.

Ɗan Wanzam:
Allah ya gafarta malamai. Ni gidan aska na tashi, ko da yake boko ya ɗauke ni. Ɗan Kwari yana cewa takarda katanga ce, to mu ma da ba mu da takarda muna da katanga. Yaro yakan yi shekaru yana riƙe zabira, yana wasa aska, yana kallon ƙaho da kaciya, kafin a bar shi ya taɓa kan mutum. In ya yi ɓarna an san gidan da ya fito, akwai Sarkin Aska da za a kai ƙara. Wanda ya zo ya yi kwas na kwana biyar a ɗakin otal ya hau jirgi, in aiki ya ɓaci wa za a kama?

Inda tsarinmu ya gaza shi ne jini. Iyayenmu ba su san ƙwayar ciwon hanta tana iya kwana bakwai a busasshen jini tana raye ba. A goge aska da tsumma a ce na gaba.

Sista Lids:
Kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A cikin mutum goma sha biyu ko sha uku da suka kwanta a gadonki, ki ƙaddara akwai ɗaya, kuma mai yiwuwa shi ma bai sani ba.

Ɗan Kwari:
Duk na ji. Amma har yanzu ba ku ba ta hanya ba, tsoro kawai kuke ba ta. Mai ƙuna a Kano ta jira sai ta sami kuɗin jirgi?

Likitan Fata:
Hanya akwai, sai dai ba ta kwana biyar ba ce. In tana so da gaske, ta nemi likitan fata ko na tiyatar gyaran jiki da zai yarda ya riƙa duba mutum kafin ta taɓa shi, ya rubuta cewa wurin ya isa. Ta yi horon hana yaɗuwar cuta wajen ma'aikatan lafiya. Kwas ɗin kuma ta auna shi da tambayoyi: mutum nawa za ta yi wa aiki a gaban mai koyarwa, ko duk a fatar roba ne? Ita mai koyarwar wace hukuma ce ta ba ta lasisi, mece ce lambarsa? Bayan an watse, wa za ta tura wa hoto in ta ga abin da ba ta gane ba? Ni da kaina ina da marasa lafiyar da zan so a ce akwai mai hannu da zan tura wa. Amma ba zan tura wa wadda za ta karɓi kowa ba.

Mai Lalle:
Na tura musu tambayoyin tun ɗazu. Sun ce kwana huɗu a fatar roba, ranar ƙarshe kowa ya zo da mutum ɗaya. Batun lasisi kuma suka turo min hoton satifiket ɗin mai tambarin zinare.

Hajiyar Tulsa:
Mutum ɗaya. Oregon 50.

Ɗan Kwari:
To wannan kam ko ni ba zan kare su ba. Amma ina nan kan bakata, in likita zai sa hannu, ya sa don ta iya, ba don ta biya shi kaso ba.

Mai Lalle:
Anti Sista, rigakafin ciwon hantar nan ban taɓa yi ba. Sau nawa ne? Kuma allurorin gira da nake tarawa a gwangwanin madara, ina zan kai su?

Sista Lids:
Ki fara yin gwaji, in ba ki da shi sai a yi miki. Allura uku ce: ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida daga ta farkon. Wata ɗaya zuwa biyu bayan ta ƙarshe ki sake gwajin jini a ga ko ta kama, tunda aikinki da jini ne. Gwangwanin kuma ki daina. Ki sayi akwatin zubar da allura a kyamis, in ya kai kashi uku cikin huɗu ki rufe, ki yi magana da asibitin da ke kusa da ke su haɗa da nasu su ƙona. Kada ki ba masu kwasar bola, yara suna tona ta.